Jama'ar Gidan Gem a Lokacin Ƙarasawa

Duk wanda ya taɓa goga wando a bencin gidan gem a Birnin Kudu, ko ya leƙa na Gwaram bayan la'asar, ya san cin wasa daban, ƙarasawa daban. A dambe ma ai sai an kai mutum ƙasa ake cewa an yi kisa. Tun da Mortal Kombat ya fito a 1992 yake bai wa wanda ya ci 'yan daƙiƙoƙi: murya ta ce a ƙarasa shi, abokin faɗa na tsaye yana layi. A nan halin kowa yake fitowa fili.

Gwanina a cikin 'yan gidan gem shi ne Mai Littafi. Yana da wani tsohon littafin rubutu na makaranta, bangon ya cire, gumi ya jiƙa shi ya bushe, a ciki ya rubuta sirrin fataliti, wato kisan ƙarasawa, na kowane ɗan wasa da jan biro: gaba, ƙasa, gaba, naushi. Ba ya ba da aro. Ko leƙawa ka yi sai ya kife shi a cinya. Zai yi maka bayanin yadda Sub-Zero ke fizge kai haɗe da ƙashin baya, da yadda Scorpion ke cire rufin fuska ya feso wuta, da tazarar da kowane kisa yake so, wani a kurkusa, wani sai an ja da baya. Ilimi dai ba a magana. Matsalar ita ce sai an ci wasa ake ƙarasawa, shi kuwa ba kasafai yake ci ba. Ranar da Allah ya ba shi sa'a, sai ka ji "Tsaya, tsaya, kowa ya yi shiru!" Ya ɗora hannun gem a gwiwa, ya lashi yatsa, ya shiga buɗe shafi. Ya samo, ya danna, ɗan wasansa ya durƙusa ya miƙe, ya sake durƙusawa, ya yi tsalle a banza. Can lokaci ya ƙare, wanda za a kashe ya gaji da jira ya faɗi da kansa. Mai Littafi ya dubi allo, ya dubi littafi, ya ce wannan kaset ɗin ba na asali ba ne. Da ya ji cewa a 2015 masu Mortal Kombat X sun sayar da fataliti mai sauƙi, na danna maɓalli biyu, kwana ya yi yana cewa an lalata harka.

Akwai ɗan Eddy, wanda ba ruwansa da sirri. Ya saka Tekken, ya ɗauki Eddy Gordo, ya murje maɓallan ƙafa da babban yatsa har ka mutu. Ka tambaye shi me ya danna, shi ma bai sani ba.

Akwai dattijon gidan, wanda Kano kaɗai yake ɗauka a Mortal Kombat, wai kafin 1991 ai mu duka jihar Kano ne. An sha gaya masa wannan Kanon ɗan ta'adda ne mai jan ido na ƙarfe, mai fizge zuciya, ko Ƙofar Nasarawa bai sani ba. Ya ce na gida na gida ne.

Mai Jariri ya fi kowa iya wulaƙanci. Tun Mortal Kombat II na 1993 aka saka dabarar mayar da abokin faɗa jinjiri mai kuka, shi kuma ita kaɗai ya haddace. Gara a raba ka biyu da a mayar da kai jariri a gaban ƙannenka.

Sai mai sharhi, da ke tsaye a baya tun azahar, bai taɓa biyan ko sisi ba, amma ya fi kowa sanin abin da ya kamata ka danna. Masu cewa hannu ne ya lalace kuwa, a ganina ana yi musu rashin adalci, domin wanda mai shago ke miƙo mini kullum maɓallinsa na ƙasa a mace yake.

Duk waɗannan ana dariya a tashi lafiya. Wanda ba na yi wa dariya shi ne ƙaton da ke zama kusa da yara. Yaro ya hana cikinsa kuɗin tara, ya jira layi, ya yi faɗansa da guminsa har ya ci. Murya na cewa a ƙarasa, sai ƙaton nan ya fizge hannun: "Kawo, ƙane, in ƙarasa maka." Yaron ya ce "Yaya, don Allah bar ni," wa zai saurare shi? Ƙato ya yi kisan, ya miƙe yana buga ƙirji, benci ya ɗauki ihu, sannan ya zarce da zagaye na gaba a kan kuɗin yaron. Mai shago na gani, amma da yake mutumin abokin hirarsa ne, sai a lokacin yake tuna janareta na son mai.