Hedimasta, Ina Aji Biyar?

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa, Bazazzagin nan da aka naɗa wa hedimasta a bayan gari. Ina fata ka sha faten safe lafiya, kuma yakuwar ba ta kashe maka haƙora ba.

Shekara nawa kana cika min kunne? Duk inda muka haɗu, ɗaurin aure ne ko ta'aziyya, sai ka karkace hula ka ce mu Kanawa ba abin da muka iya sai awo da ƙirga canji, ku kuwa 'yan birnin ilimi ne. In na tambaye ka labarin makarantarka sai ka ce komai nomal, ka kawo wata hirar. To, gani ya kori ji. Na wanke ƙafa na je, na wuni, na kwana. Abin da ban gaya maka ba lokacin da kake ta tura min kwanon fate shi ne a jarida zan ba da rahoto.

Tun daga bakin titi aka fara. Na sauka da babbar riga da 'yar jaka a hammata, na ce wa ɗan acaɓa ya kai ni firamare. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in ɗan jira ya sha mai, ya zagaya bayan rumfa ya buga waya. Ashe sufeto ya ɗauke ni. Kafin mu tsallake rafin nan har labari ya riga ni. Na tarar da fili an share shi tas, ƙurar ma ba ta gama kwanciya ba, kai kuma ka tsaya a ƙofar ofis da biro biyu a aljihu, ja da shuɗi. Ga wani malaminka ya shigo yana haki, ƙaiƙayin shinkafa a hularsa, yana riƙe da littafin shirin darasi a kife. Da ka ga fuskata sai kafaɗunka suka sauka, ka ce, "Au, ashe kai ne." Ka juya ka ce wa malamin ya ɗauki lissafin aji uku tukuna kafin ya koma masussuka. Ban taɓa ganin sashen leƙen asiri mai aiki irin na ƙauyenku ba, kuma ko sisi ba a biyansa.

Sai ƙararrawa. Wannan kam sai da na ɗauki hotonta. Tsohon wilin mota ne rataye a reshen darbejiya da wayar keke, monita yana dukansa da ruwan fartanya. Ƙararta tana kaiwa har fadama, ba na musu. Matsalar ita ce agogo. Agogon makarantar kakaf wayarka ce, ita kuwa tana wurin mai caji a bakin kasuwa tun daren jiya. Sai da yaron da ka aika ya dawo da ita a guje aka gane cewa takwas ta wuce da minti ashirin, ka ɗaga kai ka dubi rana, ka yanke hukuncin cewa wayar ce take gaggawa.

A taron safe na ji abin da ban taɓa ji ba. Tun da aka dawo da taken ƙasa na 1960 a watan Mayun 2024 ka ce ka koya wa yara. Haka ne, ka koya musu. Da shi suka fara, cikin natsuwa, suna kallon bakinka. Ana kaiwa tsakiya sai manyan da ke layin baya suka zame cikin wanda aka saba tun 1978, ƙanana suka bi su, aka ƙarasa da shi da ƙarfi har da buga ƙafa. Kai kuma ka ƙame kamar soja, ka ce madalla. Daga nan aka duba farce, 'yan makara suka yi tsallen kwaɗo, aka ba wasu bokiti su cika randar makaranta. Na ƙirga layuka, na ga biyar. Na ce, hedimasta, ina aji biyar? Ka ce suna nan tafe.

Ofishinka ɗaki ne guda, shi ne sito, shi ne ɗakin malamai, a lungu kuma ga buhunan masara huɗu da ka ce na gonar makaranta ne. Ban ce komai ba, Bakano ya san buhun da aka yi wa alamar mai shi. Ka buɗe min rajista da alfahari. Sunaye shafi bayan shafi, kai ka ce kasuwar Kwari ce ranar jajiberin salla. Na leƙa azuzuwa na dawo na sake duban rajistar, na tambaye ka ko sauran aljanu ne. Sai ka tuna min 2016, shekarar da gwamnatinku ta Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare. Ka ce a lokacin har tagogi zama ake yi, yaro ya zo da kwanonsa da ƙaninsa da bai gama iya tafiya ba, ranar ƙwai kuwa ko mai zazzaɓi sai ya taso. Ana siɗe kwano rabi su bi ta katangar da babu. Tukunya ta sauka daga murhu tuntuni, sunayen suna nan. Ka ce ba ka da zuciyar da za ka soke sunan yaron da kake gani kullum yana kora shanu ta bayan aji, kana kiransa yana amsawa. Wannan maganar ta ɗan taɓa ni, amma kada ka saba.

Aji ɗaya na fi daɗewa. Benci uku ne, an bar wa waɗanda suka riga zuwa, sauran kowa da buhun da ya zo da shi daga gida, wasu a kan takalmansu. Malamar tana da haƙurin da ban ga irinsa ba: goyo a baya, alli guntu kamar ƙwayar gyaɗa a hannu, tana ba, bi, bu, yara suna amsawa har kwano yana kaɗawa. Takardar haihuwa ba kowa ke da ita ba, don haka har yau da tsohuwar dabara kake ɗaukar sababbi, yaro ya ɗora hannu ta ka ya kamo kunne. Na ga wani ɗan dabara da ya langaɓe wuya har ya kamo, ka ce ya shiga, ai wanda ya iya wannan ya isa karatu.

Ana cikin haka sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, akuya ya shigo." Na jira gyara. Malama shiru. Na dube ka, kai ma shiru, har kana tambaya wa ya bar ƙofa a buɗe ya shigo. Bawan Allah, akuyar nan da cikinta, tana jan nono har ƙasa! A nan na gane inda gizo ke saƙar. Ku aka ba maɗaba'a, a garinku aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a Tukur-Tukur aka kafa kamfanin Gaskiya, daga can littattafan Ka Koyi Karatu suka bazu ƙasar Hausa. Amma Hausar da ke cikinsu tamu ce, a kan Kananci aka daidaita ta. Kun yi shekara da shekaru kuna buga mace da "ta" a takarda, ku fito ƙofar maɗaba'a ku ce matana ya dawo.

Tun da mun zo kan tarihi, bari in ƙarasa maka. Makarantar boko ta farko da gwamnati ta buɗe a Arewa a Nassarawar Kano take, 1909, wurin Ɗan Hausa, gidansa yana nan, in ka zo zan kai ka kyauta. Barewa da kuke taƙama da ita a Katsina aka haife ta a 1921, ta yi zango a Kaduna a 1938, sai 1949 ta sauka Zariya. Riƙo aka ba ku. Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962 kam taku ce, na bar muku. Na san za ka ce tamu ta Bayero a ƙarƙashinta ta yi rarrafe. Fili ya yi min kaɗan, ba zan shiga wannan ba.

Wajen goma na sake tambayar aji biyar. Sai ka kai ni ɗakinsu. Bango huɗu lafiya lau, allo yana nan da kwanan watan da aka rubuta tun farkon damina, sama kuwa sai ikon Allah. Iskar ruwan fari ce ta yaye kwanon ta jefa shi gonar mai unguwa. Kun tsinto shi, kun jera a bayan ofis, kun danne da duwatsu. A cikin ajin tumaki ne kwance, su ne dai ban ga sun yi makara ba. Ka nuna min fayil ɗin wasiƙun da ka rubuta wa ofishin ilimi, kowace da kwafinta, Turanci har da su "humbul". Ka ce kwamitin makaranta ya zauna sau biyu, an yi alkawarin karo-karo in an sayar da amfani, kafinta ma ɗan gari ne, ƙusa da katako kawai ake jira. Na ce to yaran fa? Ka ce an haɗa su da aji shida. Na leƙa aji shida, ban ga wanda ya yi kama da baƙo ba.

A jikin bangon ofis, sama da jadawalin darasi, ka liƙa takardar da ta fi komai tsabta a makarantar, har da leda. Shaidar ka ci jarrabawar 2017 ce, wadda gwamna El-Rufa'i ya yi wa malaman firamare da tambayoyin 'yan aji huɗu, mutum 21,780 suka kasa kai makin da aka yanka. Ina taya ka murna har yanzu. Sai dai a duk faɗin ƙasar nan ban san wani dattijo mai furfura da ke alfahari da cin jarrabawar aji huɗu ba sai Bazazzagi. Ka ba ni labarin sababbin malamai biyu da aka turo maka daga birni bayan an sallami na da. Ɗaya ya kwana uku, ya ga sai an hau tudun makabarta ake samun sabis, ya ce zai je ya ɗauko katifa. Katifar ce har yau ba a gama ɗaurewa ba. Ɗayan ya zauna, ya yi aure a garin, shi ne mai ƙaiƙayi a hula.

Da aka kaɗa wili na tara sai gindin mangwaro ya zama kasuwa: ƙosai, awara, rogo da ƙuli, rake an yanka gaɓa-gaɓa. Nan ne kaɗai na ga lissafi yana tafiya ba bulala, yaron da ya kasa bakwai sau takwas a aji bai yarda an cuce shi ko ƙosai ɗaya ba. Ka ce mai awara ta zuba wa baƙo, ka yi mata alama da ido. Na gani. Bashi ne, sai albashi. Bayan tara 'yan mata da yawa ba su koma aji ba, farantan talla suna jiransu a gida, wasu ma da su suka zo suka ajiye a bayan taga. Ka bi su da kallo kana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, kana cewa gobe a zo da wuri.

Goben kuwa Laraba ce, ranar kasuwar garin, ka ce kada in sa rai da ganin mutane. Juma'a kuma ka ce ba karatu, domin a 2022 gwamnatinku ta mai da makarantunta kwana huɗu a mako. Gwamnati ta ɗauki ɗaya, kasuwa ta ɗauki ɗaya, kaka ta ɗauki abin da ta ga dama cikin sauran. Mu da kuke wa gorin kasuwa, wa ya taɓa ganin an rufe Kurmi don ana yankan shinkafa? Babur ɗinka ma na gan shi a zaure an lulluɓe da tabarma. Ka ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya koma na zuwa karɓar albashi da kai mara lafiya asibiti, sauran zirga-zirga a sayyada.

Na riga na gama tsara yadda zan rubuta cewa hedimastan birnin ilimi ya ɓatar da aji guda sukutum. Sai bayan la'asar, muna zaune a ƙofar gidanka, na ga yara suna ɓullowa ta hanyar fadama, biyu-biyu, uku-uku. Daga tsinkar barkono suke, ana biyansu a kan kwando. Ka tare su da buta da sabulu, kana faɗa, kowa ya wanke hannu, wanda ya murza ido ruwansa. Suka shige zaure suka zauna gefen babur. Ka jawo wani falanki da aka baƙanta da cikin tsohon batir, ka jingina shi da bango, ka zaro alli daga cikin hularka. Ka dube ni a kaikaice ka ce, "Ga aji biyar ɗinka, sai ka bar ni in sha iska."

Kun yi ta lissafin rabawa har inuwa ta kai bakin rijiya. Sannan ka ɗauko wani Magana Jari Ce da ba bango, an ɗinke bayansa da zaren buhu, ka miƙa wa wata 'yar siririya mai yatsu jajaye. Ta karanta shafi guda ba gargada, tana hura yatsun saboda raɗaɗi. Duk inda aka rubuta "ta" kuwa "ta" ta ce. Ka yi hattara, yarinyar nan ta kusa zama Bakanuwa, ran da ta fara gyara maka magana a gaban jama'a kada ka ce ban gaya maka ba.

Na ba direban motar kasuwarku kwalin alli biyu da ƙusar kwano mai hula, da katako shida, zai sauke a wurin mai caji ranar Laraba. Kada ka yi min godiya a waya, ba kyauta ba ce, ka san gidan da na fito. Na rubuta a littafin bashi. Buhu ɗaya daga cikin huɗun nan na lungu ya isa, wanda ba na makaranta ba, ka san shi. Ka haɗo da kuɗin sharata na Muharram uku da ka danne, sannan ka biya mai awara.