Ɗan Sha Takwas: Babba a Takarda, Ɗan Aike a Gida

Ƙarfe goma sha biyun dare ake haihuwar 'yan Bauchi na zamani, kuma a WhatsApp ake karɓar haihuwar. Agogo na bugawa hotuna za su fara zubowa kamar farin ɗango. Ga saurayi ya sha shadda ya karkace hula, ya dafa motar da bai san mai ita ba a bakin wani otal na GRA. Ga budurwa ta rungumi balan-balan biyu masu ruwan gwal, ɗaya lamba 1, ɗaya lamba 8. Abokai sai jero fatan alheri suke da Turancin da ya gagare su ranar jarrabawar WAEC. Uwar da ta sha naƙudar kuwa tana can tana barci abinta. Sai da asuba labari zai iske ta, ta ce, “Au, yau ne? Ni dai na san da damina na haife shi, ranar da katangar maƙwabta ta faɗi.”

Sunan abin bazday. Iyaye da kakanni ba su san shi ba. Su a wurinsu bikin haihuwa sau ɗaya ake yi, ranar suna, a yanka rago a raba goro, wanzami ya yi aski, shi ke nan an sallami mutum har ranar kaciya, sai saukar Alƙur'ani, sai aure. Malamai ma har yau bakinsu bai zo ɗaya a kan bazday ba, wasu na kiransa bidi'a da koyi da baƙi, wasu na ganin al'ada ce kawai in ba a haɗa ta da saɓo ba. Matasa sun saurari kowane ɓangare cikin ladabi, sannan suka tura wa mai kek kafin alƙalami.

A duk bazday kuwa babu kamar na sha takwas, domin an faɗa wa yaro cewa daga ranar doka ta ɗauke shi babba.

Shagalin ya danganta da nauyin aljihu. Mai ƙaramin ƙarfi zai tara abokai a je a ci masa a Wunti, a ɗora da tsire da zoɓo mai sanyi, in an zo biya kowa ya tsunduma cikin wayarsa kamar an aiko masa da saƙon gaggawa. Ɗaliban da ke kwana a Yelwa da Gwallameji suna da tasu karramawar: a ritsa mai bazday a ƙofar ɗaki a sheƙa masa ruwa bokiti-bokiti, a unguwar da sauran ranakun shekara ake faɗa a kan jarka ɗaya. 'Yan mata kuma tun ana saura mako guda aka gama ɗaukar hoto a situdiyo, kaya kala uku, kwalliyar da ko mahaifiya sai ta ƙura ido kafin ta gane 'yarta. Akwai kuma abin da ake kira ba-zata, inda mai bikin za ta zaɓi wuri da kanta, ta biya mai ado da kanta, ta tsara wanda zai riƙe waya, sannan ta shigo ta dafe ƙirji ta fashe da kuka don mamaki.

Masu hali sukan yi hayar bas a nufi Yankari, can ƙaramar hukumar Alkaleri, tafiyar wajen awa biyu. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962, kuma ruwan Wikki na nan da ɗuminsa na digiri 31, rani da damina, dare da rana. Giwaye ake cewa za a je gani, amma giwa ba ta da alƙawari da kowa. Waɗanda ba sa saɓa alƙawari su ne biran sansanin Wikki. Sun daɗe da sanin ƙarar leda da fasalin kwali, sun iya buɗe ƙofa da tagar da aka bari a sake, kuma ba su taɓa jiran a hura kyandir ba. Duk wanda ya ajiye kek a kan benci ya juya don ya gyara hula, to ya yi wa bika bazday. Wanda ke son dabbobi masu kunya sai ya nufi Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya ke tsayawa a yi hoto ba tare da sun nemi kasonsu ba.

Sai liƙi. Nan ne ɗan sha takwas ke fara cin karo da girmansa bai sani ba. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. A 2023 bankin ya ƙara tunatarwa cewa naɗe takardun kuɗi a yi furen kyauta da su ma wulaƙanta naira ne, a 2024 kuma EFCC ta kai fitattun mutane kotu a kan liƙi, har aka ɗaure. Jiya in ya yi ɓarna yaro ne, a ja masa kunne a kira mahaifinsa. Yau da sunansa za a rubuta takardar tuhuma, shaida kuma ga ta nan shi da kansa ya ɗora a TikTok, har da kiɗa.

To, me dokar ta ba shi?

Na farko ƙuri'a. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 77 da na 117, ya ba duk ɗan ƙasa mai shekara 18 damar yin rajistar zaɓe. Kafin tsarin mulkin 1979 sai mutum ya kai 21. Sai dai katin ba ya zuwa tare da kek. INEC ta rufe rajista ranar 31 ga Yulin 2022, aka yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairun 2023, don haka wanda ya cika sha takwas a watan Agustan 2022 ya kalli layin zaɓe daga kan katanga, aka ce ya dawo 2027. Waɗanda suka samu katin ma ba duka suka wahalar da kansu ba: mutum sama da miliyan 93 ne a rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Katin dai bai yi asara ba, ana nuna shi a banki.

'Yan siyasa kam ba su jira tsarin mulki ba. Tun yaron na shekara sha huɗu suka gano basirarsa, suka ɗora shi a bayan a-kori-kura da riga mai hoton ɗan takara, ya zagaya daga Ƙofar Ran zuwa Wunti yana “sai ka yi” har muryarsa ta dushe, aka sallame shi da kuɗin da ba zai sayi maganin maƙogwaro ba. In kuma ya ce shi ma zai tsaya, sai a buɗe masa littafi. Gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, gwamna da sanata aka bar su a 35. Wato shekara bakwai zai yi yana zaɓen wasu kafin a yarda a zaɓe shi. In ya kai ɗin ma akwai kuɗin fom: a 2022 APC ta sayar da na gwamna naira miliyan 50, PDP ta sayar da nata miliyan 21. Ɗan takararmu kuwa har yanzu mai kek na binsa ciko.

Na biyu lasisin tuƙi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ba ta bayarwa sai mutum ya cika 18, ya shiga makarantar koyon tuƙi da ta amince da ita, ya ci gwajin VIO. Wannan labari ya ba shi dariya ƙwarai, shi da tun yana aji shida na firamare yake kai niƙa a kan babur ɗin Yaya, ƙafarsa ba ta kai ƙasa sai ya nemi dutse. Ranar ɗaurin auren abokin Yayan ma shi ya fi kowa kwantar da babur a kwana. Yanzu za a zaunar da shi a aji a nuna masa inda birki yake.

Sauran 'yancin duk irin wannan ne, ya riga ya cinye su tun ba a ba shi ba. Zai iya buɗe asusun banki ba da sa hannun uba ba, ga asusun, sai abin zubawa. Dokar hana shan taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma haramta sayar da ita kara-kara, dokar da mai teburin bakin layi bai taɓa samun labarinta ba. A Ingila babban abin ɗokin ɗan sha takwas shi ne ya shiga mashaya da katin shaidarsa, a Amurka sai ya kai 21. A Bauchi, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun 2001, ko shekara tamanin Musulmi ya cika wannan ƙofa a rufe take, sai a ƙara masa kunun aya.

Ita kanta dokar ba ta gama yanke shawara a kansa ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ya zama daraktan kamfani, ya buga kati mai ruwan gwal. Amma sashe na 7 na dokar mallakar ƙasa ta 1978 ya hana gwamna ba wanda bai kai 21 ba takardar mallakar fili. Ga darakta, ga kamfani, filin da za a kafa shi kuma sai an nemo waliyyi. A fiƙihun Malikiyya kuwa sha takwas ita ce iyaka ta ƙarshe, wadda ake komawa gare ta in alamun balaga ba su bayyana ba, kuma da watannin Musulunci ake ƙirgawa. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, in aka tara na shekara 18 sun haura wata shida. Ashe mai bazday ya makara. Malamin Islamiyyarsa ya daɗe da sanar da shi cewa alƙalami ya hau kansa, tun lokacin da murya ta fara buɗewa, kuma ba a yanka kek ba.

Budurwa tata kyautar daban ce. Ba ta gama goge kwalliyar hoto ba Gwaggo za ta iso da lissafinta: “Sha takwas? Ni a shekarunki ina goyon na biyu. Yaushe za mu sha biki?” Ta ce tana jiran sakamakon JAMB. Gwaggo ta ce ai shi ma JAMB ɗin in da gaske yake ya turo magabatansa.

Kotun ƙoli dai tana zaure, a kan tabarma, da rediyo a gefe. Nan saurayi ya shigar da ƙara da daddare, bayan ya dawo ƙarfe goma da rabi ya tarar an sa sakata.

“Baba, ai yanzu doka ta ce na zama babba.”

“Madalla, Allah ya yi albarka. To babba, katin mita ya ƙare, buhun shinkafa ma ya zo ƙasa. Wanne za ka fara ɗauka?”

Aka janye ƙara. A ƙa'idar gidan Bahaushe mutum yaro ne har sai ya ajiye iyali, in ya daɗe bai ajiye ba a sauya masa suna zuwa tuzuru, wanda ba ƙarin girma ba ne. Ko Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kabarinsa ke cikin garin nan, yana da sha takwas a 1930 ɗalibi ne a Kwalejin Katsina, ana kaɗa masa ƙararrawar kwanciya.

Abin da bai sani ba shi ne wannan sha takwas da yake ta murnar isowarta, nan gaba da kuɗi zai nemi komawa kusa da ita. Shekaru a ƙasar nan kamar farashin kasuwar Muda Lawal suke, akwai na faɗa akwai na sallamawa. Aikin soja na ƙananan kurata na neman ɗan 18 zuwa 22, na ɗan sanda 18 zuwa 25, bautar ƙasa ba ta karɓar wanda ya haura 30 kafin ya gama digiri, aikin gwamnati kuma ana ritaya a shekara 60. Tsakanin yajin aikin jami'a da zaman jiran aiki, shekarun mutum kan yi masa yawa, sai ya nufi kotu ya yi takardar rantsuwa. Shi ya sa ranar 1 ga Janairu ta fi kowace rana albarkar haihuwa a takardun Arewa, har mutum ya rasa yadda ungozomomi suka yi da wannan dare. A gidaje da yawa wa da ƙane sun zama tagwaye, a wasu ma ƙanen ya wuce gaba.

Duniya ta lura. A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi, FIFA ta fara amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu, saboda takarda ta daina gamsar da ita. Tun kafin a fara gasar aka sallami 'yan wasan Najeriya da dama daga sansani, yara ƙanana masu gemu.

Washegarin bazday, da sassafe, Umma ta leƙa ɗakin samari ta tashe shi. Balan-balan ɗin lamba 8 ya sace ya kwanta a ƙasa, saura lamba 1 ke tsaye. Ta miƙa masa naira ɗari biyar da roba, ta ce ya sayo ƙosai, ya kuma tabbata ya dawo da canji. A ƙofar gida ya ci karo da Yaya, mai shekara 27, ya sha wanka yana riƙe da fayil da hotuna biyu na fasfo. An buɗe ɗaukar aiki, zai je kotu ya cika 22.