Mu Adarawa da Idon Kyamara

Mu mutanen Adar fuska biyu gare mu in an ɗaga kyamara, duk mai zama fada a Tawa ya san haka. In farar motar 'yan porje ta shigo gari, kafin direba ya kashe inji labari ya zagaya, wasunmu har su sa wa yara tsohuwar riga. In kuwa ɗan unguwa ne zai ɗauki kilif ɗin waƙarsa, sai a aro mota, a aro shadda, a nufi ƙofar otal. Jiya hirar ke nan da ta hana mu tashi har shayi na uku ya huce.

Abin yana da asali. Fara ta sauka a 2004, damina ta yanke, hatsi ya yi tsadar da talaka bai iya taɓawa. A 2005 likitocin MSF suka buɗe wuraren jinyar yara masu tamowa a Tawa da Keita. Gwamnati da Majalisar Ɗinkin Duniya sun nemi agaji tun da wuri, ba a kula ba sosai, sai a watan Yuli da BBC ta nuna yaran Maraɗi a talabijin, sannan jirage suka fara sauka da abinci. Shugaba Tandja ya fito ya ce babu yunwa a ƙasarsa, ana ta ka-ce-na-ce. Hotunan nan sun ceci rayuka, wannan ba abin musu ba ne, kuma akwai samari a garin nan da ke raye saboda su. Amma daga ranar muka koyi wani mugun darasi: sai an ga haƙarƙarin ɗanka ake jin kukanka.

Ku dubi tallan agaji da kyau. Kyamara daga sama take kallon yaron, kamar yadda mai sadaka ke kallon almajiri. Ana matsowa kan idonsa, a bar ƙuda a bakinsa. Uwar tana zaune, ba suna, ba murya, wani ne can ke magana a madadinta. Uban babu shi, kuma ba za a ce ya tafi biɗa Abijan ko Libiya ba, ba za a ce kuɗin da yake aikowa ne ke riƙe gidan ba. Sai hannun baƙo ya shigo da cokali, kiɗa ya yi sanyi, lambar aika kuɗi ta fito. Mai kallo a Faransa zai tashi da tunanin a Adar ba a aikin komai sai jira.

Nan wata innarmu da ke sauraro daga zaure ta sa baki: "'Ya'yana, ni da kaina na ɗauki dutse a Keita, wa ya taɓa ɗaukata hoto?" Gaskiyarta. A 1984, shekarar da mawaƙan Birtaniya da Ireland suka haɗu suka yi waƙar Band Aid don yunwar Habasha, a shekarar aka fara aikin Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO. Mata ne suka fi yawa a filin, domin maza sun tafi cin rani. Sun jera duwatsu a gangaren tsauni, sun tare ruwa, an dasa itatuwa miliyoyi. Manoman Illela da Badagishiri sun haƙa tassa sun mai da faƙo gona. Albasar Galmi tana cika manyan motoci zuwa Gana da Kwaddibuwa. Duniya ta haddace waƙar Band Aid, ba ta san sunan Keita ba. A 2012 ɗaliban Norway ma abin ya ishe su, suka fitar da bidiyon da 'yan Afirka ke tara na'urorin ɗumama ɗaki don agaza wa mutanen Norway, don Turawa su ji yadda abin yake.

To amma kyamarar da ke hannunmu fa? A kilif ɗin yaranmu daga ƙasa ake ɗauka, mawaƙi ya yi tsawo, makullin mota na lilo a yatsa, 'yan mata na rawa irin ta finafinan Kano. Na fahimci dalili: wanda aka daɗe ana nuna shi da tsumma, dole ya so a gan shi da shadda. Sai dai ƙaninsa na ƙauye yana kallo a salula, ya ɗauka arziki sai a waje, ya tattara jaka ya kama hanyar Agadas. Tawa, garin mawaƙi Ɗan Gurmu, garin da filin kokowa ke cika maƙil, bai kamata ya rasa abin nunawa na kansa ba. Mdou Moctar, ɗan Azawak ɗin jihar nan, a Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa a 2008, suka yaɗu daga waya zuwa waya ba tare da izinin kowa ba, yau yana wasa a Amurka da rawaninsa.

Samari masu waya, ku je Galmi ranar cirar albasa, ku je Keita ku zauna da tsofaffin matan nan tun suna raye, ku tambayi sunansu kafin ku danna. Mu kuma iyaye, in baƙo ya zo da kyamara, a karɓe shi da mutunci, a tambaye shi ina hoton zai je, kuma kada a bari a ɗauki ɗan kowa tsirara.