Ni Ba Magulmaci Ba Ne, Kunne Ne da Ni

Akwai wani fim na Amurka mai suna Easy A, ya fito a 2010, kuma ba don irina aka yi shi ba. 'Yan sakandare aka yi wa, ni kuwa furfura ta fara leƙowa a gemuna. Duk da haka, da zarar gida ya yi shiru, uwargida ta tafi biki da yara, sai in jawo kwamfuta in rage murya in kunna. Idan aka ritsa ni, amsa tana bakina: nazarin tarbiyyar 'ya'yan Turawa nake yi. Ƙarya nake. Gulmar nake bi.

Labarin wata yarinya ne, Olive, wadda Emma Stone ta fito a matsayinta, a wata sakandare da ke garin Ojai a jihar Kalifoniya. Ƙawarta Rhiannon ta gayyace ta kwanan daji tare da iyayenta, ita kuma ba ta son zuwa, sai ta ce ai ta yi alƙawari da wani saurayi ɗan jami'a. Babu wani saurayi. A ɗaki ta ƙare hutun, tana ta bin waƙar da ke fitowa daga wani katin gaisuwa da kakarta ta aiko mata. Da aka koma makaranta ƙawar ta tsare ta da tambaya a banɗakin 'yan mata, har ta gaji ta ce e, abin da kike zargi ya faru. Ashe Marianne, jagorar ɗalibai masu wa'azi, tana ciki ta kasa kunne.

Daga nan darakta Will Gluck ya saki kyamara a guje, daga wannan kunne zuwa wancan, daga wannan waya zuwa waccan, kafin a buga ƙararrawa makaranta ta ɗauka. Mai hankali a nan tausayi yake kama shi. Ni kuwa a nan nake mayar da fim baya in sake kallo, ina jinjina wa yaran nan. Sun iya aiki.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ban taɓa ƙirƙira wa wani labari ba. Kawo mini ake yi. Kuma ina da fuskar da ta dace da karɓa: in sunkuyar da kai, in girgiza shi a hankali, in ce "Subhanallahi, Allah ya rufa asiri," in ɗan yi shiru kamar abin ya dame ni, sannan in ce, "To, daga nan fa?" Wannan tambayar ce ke tona ni. Idan mai ba da labari ya tsaya shan shayi, har matsa masa kofin nake yi don ya yi sauri. Bayan haka mutum ɗaya tak nake gaya wa, shi ma sai na ce tsakanina da shi. Matsalar ita ce mutum ɗayan nan yana canzawa daga safe zuwa la'asar. Na san abin da Suratul Hujurat ta faɗa a kan cin naman mutane, har karanta wa yara nake yi da murya mai nauyi. Su dai ba su san majalisarmu ba.

A ajin adabi su Olive suna karanta The Scarlet Letter, littafin da Nathaniel Hawthorne ya fitar a 1850, wanda a cikinsa aka tilasta wa Hester Prynne yawo da jan harafin A a ƙirji saboda zina. Olive ta ce tunda haka ne, ta ɗinka nata harafin da hannunta ta manna a riga. Samarin da ba wanda yake kulawa suka riƙa zuwa da katin sayayya na kantuna, suna roƙonta ta bari su yi ƙaryar sun yi hulɗa da ita. A nan fim ɗin ya yi gaskiya: ƙarya guda ce, amma namijin ya tashi da suna, yarinyar ta tashi da tabo, kuma duk makarantar ba wanda ya tsaya ya tambaya ko abin ya faru.

Inda muka rabu da masu fim shi ne ƙarshe. Olive ta zauna gaban kyamara ta watsa gaskiya ta intanet, aka wanke ta, ta tafi da saurayin kirki. A matsayina na wanda ya san harkar nan daga ciki, ina tabbatar muku ba haka take tafiya ba. Gyara ba shi da masu dako. Sau nawa aka zo aka ce mini, "Af, maganar nan ta wane ashe ba haka ba ne"? Sai in ce "Alhamdulillahi," da gaske kuma, har zuciya. Amma ban taɓa sa kati a waya don in bi waɗanda na gaya wa in warware ba. Labarin ya mutu a wurina, na farkon kuwa yana can yana yawo da ƙafarsa.

Na taɓa yi wa kaina alƙawarin cewa wannan karon darasi zan ɗauka. Na kalla a natse har sunaye suka fara hawa allo. Sai na ga sunan Amanda Bynes, wadda ta fito a Marianne, na tuna cewa wannan ne fim ɗinta na ƙarshe. Na ce bari in duba dalili, minti biyu kawai. Kiran assalatu ne ya tashe ni daga kan labarin baiwar Allah, wadda ba ta san ni ba, ba ta ci mini komai ba. Ana sallame sallah na tare wani maƙwabcina a ƙofar masallaci, mutumin da bai taɓa jin sunanta ba, na ce masa, "Malam, ka kuwa ji abin da ya sami yarinyar nan?"