Ɓarawon da ke 127.0.0.1

Ranar da za a saki sakamakon jarrabawa a wata makarantar kuɗi da na gina wa shafin intanet, tara na safe shugaban makarantar ya kira ni. "Injiniya, iyaye sun cika mini ofis. Duk wanda ya sa kalmar sirri, shafin sai ya kore shi."

Ni kuwa a daren da ya gabata na ƙara wata dabara da nake ta yabon kaina a kanta: duk adireshin IP da ya kuskure kalmar sirri sau biyar, a garƙame masa ƙofa na awa guda. Na leƙa kundin bayanan saba, sai ga adireshi ɗaya tak yana ta buga ƙofa tun asuba: 127.0.0.1. Gabana ya faɗi.

"Ranka ya daɗe, kutse ake mana." Har da ƙarin gishiri: "Ina jin 'yan Rasha ne."

Na kashe Gunicorn, mai tafiyar da manhajar shafin, na kunna, na kashe Nginx na kunna. Har na'urar intanet ɗin ɗakina, wadda ba ta ci ba ta sha ba, sai da ta sha kashewa. Sai a teburin mai shayi, kofi na biyu, na tuna abin da ko ɗan koyo ya sani: 127.0.0.1 ai kwamfutar ce da kanta.

Nginx maigadi ne. Shi ke tarbar baƙo a bakin ƙofa, ya shiga da saƙonsa wurin manhaja, ya fito da amsa. Manhajar ba ta taɓa ganin fuskar baƙo ba, maigadin kawai ta sani. Iyaye biyar suka yi kuskure ɗaya-ɗaya, ta tara laifin duka a kansa, ta kulle shi, gari guda ya tsaya a waje.

Maganin layi ɗaya ne a Nginx, wanda zai sa ya riƙa rubuta adireshin baƙo a X-Forwarded-For, sai kuma a gaya wa manhaja ta karɓi wannan takarda daga hannun maigadi kaɗai, don kowa na iya ƙirƙiro ta bogi.

Batun Rasha kuwa ban yi ƙarya duka ba. Igor Sysoev, wanda ya fitar da Nginx a 2004, a Mosko ya rubuta shi.

Bayan azahar shugaban ya sake kira. "An kama ɓarawon?"

"An kama shi, ranka ya daɗe."

"Ɗan ina ne?"

"Ɗan gida ne."

Ya ja tsaki. "Dama na daɗe ina zargin malamin kwamfutar nan."