Yadda Ake Kwasar Ƙasa da Bayan Tarakta Ba Tare da An Zama Abin Kallo Ba

Da farko dai, Alhaji, muna taya ka murna. Ka mallaki 'yar taraktarka, ko sabuwa ce 'yar Indiya, ko tsohuwar Massey Ferguson ce da ta ga gwamnoni iri-iri, kuma mai walda ya ƙera maka bokitin kwasar ƙasa da ake rataya mata a baya. Ruwan Agusta ya zaizaye maka gefen gona, kana so ka cike wurin kafin ya zama kwazazzabo. Niyya ta yi kyau. Sai dai ka sani tun yanzu, abin da ka saya kwanon sarki ne mai shan baƙin mai. Lodinsa guda da ƙyar ya wuce baro biyu. In wani ya ce maka da shi za ka tashi Dutsen Kufena, ka tambaye shi ko shi ne ya sayar maka.

Wurin ɗaura shi hannuwa uku ne a bayan tarakta, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Wannan dabara ta Harry Ferguson ce, mutumin Ailan ta Arewa, wanda ya yi mata rajista a 1926, ya haɗa kai da Henry Ford na Amurka suka fitar da tarakta mai ɗauke da ita a 1939. Bawan Allah ya yi tunani mai zurfi, amma bai yi lissafin cewa wata rana za ka tsaya a Tukur-Tukur kai da yaronka, ramin ƙusa na dama ya dace, na hagu ya ƙi da ɗan yatsa guda ba. A nan kada ka yi zagi. Ka ajiye bokitin a wuri mai tauri wanda ba tudu ba gangare, ka yi ribas a hankali, ka fara da hannun hagu, sannan na dama, domin shi ne ake iya murɗawa ya hau ko ya sauka. Na sama shi ne ƙarshe. Ƙusoshin maƙalawa kuwa ka sayi da yawa, don ciyawa na haɗiye su. Wanda ya maye gurbinsu da ƙusar kafinta zai tarar da bokitinsa a Ƙofar Doka alhali shi ya kai gona.

Sai babbar shawara: bakin bokitin gaba zai kalla ko baya? Duka biyun ana yi. In ya kalli gaba, kana tafiya yana yankar ƙasar da ka riga ka taka, wannan shi ne na share fili da rage tudu. In ya kalli baya, da ribas za ka soke shi cikin tulin ƙasa ko na taki. Kowanne ka zaɓa, wuyanka ne zai biya, domin aikin duka a bayanka yake faruwa. Zuwa la'asar za ka riƙa amsa gaisuwa da juya jiki gaba ɗaya, mutane su ɗauka sarauta aka yi maka. Ka ce wa uwargida ta tanadi man zafi tun da safe.

Yanzu ga sirrin da mai walda bai faɗa maka ba. Hannuwan nan ɗagawa kawai suka iya. Man haidirolik yana tura su sama, amma a yawancin ƙananan taraktoci ba ya danna su ƙasa, nauyin bokitin ne ke saukar da shi. Saboda haka abin da ke sa baki ya ci ƙasa shi ne karkatarsa, ita kuma tana hannun sama. In bakin yana kallon gaba, ka gajarta hannun, sai ya sunkuya ya kama. In yana kallon baya, tsawaita shi za ka yi. Murɗi biyu ko uku ya isa, ka gwada, ka sake. Ka wuce gona da iri, bokiti ya nutse ya tsaya cik, tayoyi su hau juyawa a wuri ɗaya suna haƙa maka ramuka biyu da ba ka yi oda ba. Kafin ka gano wannan, lalle wani daga cikin 'yan kallo zai ce, “Alhaji, a samu mai nauyi ya hau kai mana.” Kuma za a samu ɗan sa-kai, mai tumbi, yana tattare babbar riga. Ka gode masa, ka hana shi. Asibitin koyarwa yana can Shika, ba kusa ba ne.

Ƙasar ma tana da ranarta. Jar ƙasar Zazzau a watan Maris ba ta san tarakta ba, bokiti zai bi ta kanta yana ƙara, ya dawo da ƙura cikin cokali. Ranar da aka kwana ana ruwa kuma za ta shiga ta manne, ka ja igiyar zubarwa har ka gaji ta ƙi fita, ka sauko da shebur kana ƙwaƙulo abin da ka sayi inji don kada ka taɓa. Ka jira kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, lokacin da za ka dunƙule ta a hannu ta tsaya, ka matsa ta wargaje. In ta yi tauri, ka fara bi da garma. In marmara ce, ka koma gida ka sha fura.

Inda za ka ɗebo ta kuwa, a kiyaye. Duk kududdufin da ka gani a cikin birni, kakanni ne suka haƙa suka yi tubali, suka gina soraye da katangu, da kwando da gayya, ba giya ba kuloci. Ganuwar da suka bari ba ma'ajiyar ƙasar ciko ba ce, duk da laushinta da kusancinta. Iyakar gonar maƙwabci ma haka. Bokiti ba ya ganin iyaka, amma mai unguwa yana gani.

To, an cika, an ɗaga. Nan ne za ka ji sitiyari ya yi sakayau, kana murɗawa dama tarakta na tafiya inda ta ga dama. Nauyin baya ne ya ɗage tayoyin gaba. Maganinsa a rataya ƙarafan nauyi a hancinta, in babu a ɗaure buhunan yashi da kyau. Ka riƙe lodi ƙasa-ƙasa, ka tafi da lamba ɗaya ko biyu, in za ka hau tudu ka hau da baya. Wannan ba raha ba ce: tarakta tana iya miƙewa ta kifa kan direbanta, kuma ba ta yin sallama kafin ta yi. Yaran unguwa za su biyo ka suna “Baba, a ɗana mu!” Ko ɗan autanka ne, amsa ɗaya ce.

Zubarwa ita ce daɗin aikin. Igiya ce ta taso daga sakatar bokiti zuwa kusa da kujerarka, ka ja, sakata ta saki, bokiti ya kife. Ka ɗaure ta da 'yar rara. In ka ɗaure ta tamau, saukar da hannuwa kaɗai zai ja maka ita, lodi ya zube a inda ka ɗebo shi, ka yi ta zirga-zirga da bokiti wayam kana ɗaga wa jama'a hannu. Kada kuma ka naɗa ta a wuyan hannu. Bayan ka zubar, ka sauke bokitin ƙasa ka ɗan matsa, za ka ji ƙas, sakata ta koma. Ba ka ji ba, ba ta koma ba, komai yawan addu'arka.

A tsakiyar wannan hidima mai jaki zai wuce da mangalarsa cike da taki, ya ce, “Sannu da aiki, Alhaji,” ya je ya dawo, ya sake cewa sannu. Kada ka ƙirga sawunsa, zuciya za ta ɓaci. Injiniyoyin Samaru ma, da suke binciken noma a can tun 1922, ba su soke jaki ba.

Da yamma ka sauke bokitin har ƙasa kafin ka kashe inji, don haidirolik yana saki da kansa, awaki kuma suna son inuwa. Ka cire makulli ka sa a aljihu. Sannan ka shirya wa baƙi, domin labari ya riga ka isa gida. Wannan yana da rami a ƙofar gida, wancan zai yi ciko a fili, surukinka kuma yana da “'yar ƙasa kaɗan”, wadda in ka je za ka tarar lodin tifa biyar ce. Ba wanda zai ambaci kuɗin mai. Ka saurare su da fara'a, ka ce, “Ai ba komai, Baba, naku ne,” sannan ka ƙara da cewa sakata ce ta ɗan samu matsala, mai walda kuma ya tafi Kano, sai bayan Sallah. Ba sai ka ce wace Sallah ba.