Gishiri, Ruwa da Na Ukunsu

Idan asid mai ƙarfi ya haɗu da bes mai ƙarfi, irin sodar da ake yin sabulu da ita, kowanne yakan kashe kaifin ɗan'uwansa, a samu gishiri da ruwa. Iyakar abin da yawancin ɗaliban sakandare ke fita da shi ke nan. Akwai na uku kuwa, shi ne zafi.

Asid yana sakin ƙwayoyin haidirojin, bes yana sakin na haidiroksaid, su haɗu su zama ruwa. Kowane giram 18 na ruwan da aka samu ta haka yana zuwa da zafi kimanin kilojul 57, wanda ya isa ya ɗaga zafin lita guda ta ruwa da digiri 13 da ɗoriya. Germain Hess ya auna irin wannan zafi a Rasha wajen 1840, daga baya Svante Arrhenius na Suwidin ya bayyana dalilin da ya sa adadin kusan ba ya sauyawa: masu ƙarfi sukan wargaje gaba ɗaya cikin ruwa, saboda haka ko wane asid aka ɗauko, aikin ɗaya ne. Raunana ba haka suke ba. Kanwa da ruwan tsamiya sun daɗe suna haɗuwa a madafi, kumfa kawai suke yi, ba a taɓa jin sun kori kowa daga gida ba.

Ruwan batir dabam ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ɗin salfa ne, kuma lita guda idan ta sha soda takan fitar da kilojul wajen 500, fiye da abin da zai tafasa lita guda ta ruwa. Ita kanta sodar tana ƙara nata zafin yayin narkewa.

An tabbatar da wannan lissafi a Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Ɓaure, a tsakar gidan wani magidanci, wanda ba kowa ba ne illa mai wannan rubutu. Tsohon batirin mota ne ya tsage, ya juye ruwansa a bahon roba. Maimakon ya kai wa mai cajin batir, sai ilimin sakandare ya motsa. Ya ɗauko sodar da uwargida ta saya don sabulun sayarwa, ya tara yara, ya ce yau za su ga yadda ake yin gishiri ba tare da an je kasuwa ba.

Uwargida ta ce, "Malam, sodar nan fa ko ni sai na sa safar hannu."

Ya ce, "Ke dai zuba ido."

Ya kifa kwanon gaba ɗaya. Bahon ya yi tsit, har Malam ya soma gyara murya. Sannan ya ɗau huci, ya tafasa, ya shiga tofi ta ko'ina. Yara suka bi ta zaure, akuya ta bi ta kan Malam, shi kuma ya faɗa bayan rumbu, takalmi ɗaya a ƙafa. Da ƙura ta lafa, baho ya lanƙwashe, kaftanin Juma'a da ke kan igiya ya zama rariya. Maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko a kawo ruwan kashe gobara.

Uwargida ta dubi baho, ta dubi maigida, ta ce, "To Malam, a kawo gwangwani a kwashe gishirin?"

Gishirin yana nan, sai dai sodiyom salfet ne, ba na miya ba. A ɗakin gwaji, da tsarmamman asid da tsarmamman bes ake aikin, a zuba kaɗan-kaɗan ana motsawa, ido a bayan gilashi, don yawan ruwan ya shanye zafin. Ruwan batir da ya zube kuwa da bes mai rauni ake kashe shi, kamar bakin soda na yin burodi, a bi da ruwa mai yawa. Kuɗin soda da na baho an cire su daga aljihun mai binciken.